Ƙasar Tsakar Gidan Gwaggo Iyatu

Alhamis, 3 ga Oktoba, 2024

Ludayi na hannuna na ji maganar. Ina dama kunu bayan la'asar, Gwaggo Iyatu, tsohuwar da na kama hayar ɗaki a gidanta, tana zaune bisa tabarma tana gyaran rama. Don in faranta mata rai na ce, Gwaggo, ni fa tsakar gidan nan ce ta saye ni, ko tsakuwa ɗaya babu, laushi kamar garin tuwo. Ta yi dariya har da dukan cinya. Ta ce, "Ai aikin ɗana Uba na. Da ruwan Agusta ya cinye mini tsakar gida, shi ya kwaso ta, amalanke shidda, can bakin rahi inda anka ƙare wankin zinari. Ko sisi ba mu biya ba. Har bangon ɗakinki da ita anka shahe."

Inda aka ƙare wankin zinari.

Na waiwaya. Zinatu na durƙushe a gindin randa, ta kwaɓa ƙasar cikin gwangwanin tumatir, wai tuwo take tuƙa wa 'yar tsanarta. Bakinta ya yi zobe da ita. Shekararta uku. Kwananmu goma sha biyu a gidan nan, kuma in na dawo aiki nan take zama har magariba.

Ban san lokacin da na saki ludayin ba. Na fizge ta, na tura yatsa bakinta, na wanke, na sake wankewa, har ta fara ihu tana cewa akwai zafi. Gwaggo na ta tambaya, kunama ta? Kunama ta? Na ci gaba da wanke bakin.

Ni. Ni da na yi zaman aure a Yargalma, garin da gubar dalmar dutsen zinari ta cinye yara. Ni da aka ɗauke mini ɗa daga cinya aka kai makwanci saboda irin wannan ƙasa, ni ce na zagaye Anka da ƙafata na zaɓi gidan nan don laushin tsakar gidansa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 

Juma'a, 4 ga Oktoba

Goya ta na yi na tafi aiki. Da can maƙwabciyar asibiti nake bar wa ita da safe, yau na ƙi sauke ta. Yarinya 'yar shekara uku a goye, ƙafafunta na dukan cinyoyina. Mata na kallo. Su kalla.

Na share ɗakin yara, na goge, na zubar da shara. Sau biyu Sista Dorcas ta wuce ta gabana, sau biyu bakina ya ƙi buɗuwa. Ita ta karɓi haihuwar Zinatu a Bukkuyum, kuma da aka maido ta Anka ita ta nema mini aikin sharar nan. Da wane baki zan faɗa mata abin da na yi da alherinta?

Asabar, 5 ga Oktoba

Tun safe nake bin ranar da na zaɓi gidan nan, ina neman inda hankalina ya faɗi.

Baban Zinatu ya rasu a watan Fabrairu. Kwana tara ya yi yana jinya, Allah ya jiƙansa. Da na fita takaba, Yaya Namadi ya ce in tattara kayana daga Bukkuyum in koma Gummi wurinsu, Innarmu na can, ɗaki akwai. Sai ga aikin asibiti ya fito. Ya ce, "To in kin nace ki tahi ke ɗai, ki bar ɗiyar hannun Inna. Mace guda da yarinya a garin da ba ki da kowa?" Na ce, Yaya, ita kaɗai ta rage mini. Ya ce ai shi ya sa.

Na ƙi. Ban taɓa ƙin maganarsa ba sai ranar.

Gida huɗu na duba. Na farko daura da asibiti, siminti har tsakar gida, ga famfo. Da mai gidan ya faɗi kuɗin shekara sai na yi masa godiya na nemi takalmina. Ya ce kada in ga laifinsa, gari ya cika da mutanen ƙauye da suka gudo, ɗaki yanzu ya fi gona daraja. Na biyu bayan tasha. Ɗakin ba laifi, amma bayi ɗaya ne da gwauraye bakwai, ƙofarsa buhu. Na uku can ƙarshen gari ta bakin daji, araha kamar kyauta. Ina cikin murna wata maƙwabciya ta ja ni gefe ta ce, "Baiwar Allah, mu nan da takalminmu muka kwana." Na gane, 'yan bindiga.

Na huɗu shi ne nan. Cikin gari, bayan makarantar firamare, ƙafa ke kai ni aiki ba sai na hau babur ba. Tsohuwa da ɗanta da matarsa Sa'a da jaririnsu mai rarrafe. Ga rijiya, ga inuwar dogon yaro. Kuɗin bai fi ƙarfina ba. Na leƙa rijiyar, na ɗaga kai na duba rufi ko yana zuba, na tambayi su wa ke maƙwabtaka, na gwada sakatar ƙofa har sau biyu. Sannan na cire takalmi na taka tsakar gidan, na ji laushi, na ce a raina, nan ko Zinatu ta faɗi ba za ta ƙuje ba.

Komai na tambaya. Ƙasa ce kawai ban tambaya ba.

A Yargalma dutse muka sani. Dutse maza ke kawowa cikin buhu, mu daka a turmi, a kai inji, ƙurar ta bi gida. Tsoronsa na koya. Da na shigo gidan nan, wallahi sai da na waiga ko zan ga buhun dutse ko injin niƙa. Babu. Ban taɓa ganin ta haka ba, a wanke, a shimfiɗe, an yi mata daɓe sumul kamar ƙasar kirki.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Ba zazzaɓi. Ta ci tuwo ta nemi ƙari. Na duba idonta ban san adadi ba. Shi ma haka yake, lafiya lau, har ranar da ya fara.

Litinin, 7 ga Oktoba

Na faɗa wa Sista Dorcas. A ɗakin da muke ajiye tsintsiya da bokiti na tare ta, na rufe ƙofa kamar ɓarauniya. Ta saurara har na gama, sannan ta dafe kai. "Maman Zinatu, tun Alhamis? Kin zauna a kan wannan magana tun Alhamis?" Na yi tsammanin faɗa zai biyo baya. Ba ta yi ba. Ta ce in kawo hannun yarinyar.

An ɗebi jini. Zinatu ta yi kuka ta ce Sista muguwa ce, Sista ta ce ta yarda, ta ba ta biskit. Aikawa za a yi, sai an jira. Ta ce kafin nan kada ta sake zama a ƙasa, a wanke mata hannu kafin komai ya shiga bakinta, kada in yi shara sai na yayyafa ruwa. Duk na sani. An koya mana wannan karatun shekara goma sha huɗu da suka wuce, bayan an gama binne yara.

Har na juya zan fita ta ce, "Akwai wasu yara a gidan?"

Ɗan Sa'a. Tun Agusta yake jan ciki a kan ƙasar nan, yanzu yana rarrafe, hannu ƙasa hannu baki. Allah ya yafe mini, kwana huɗu ina kuka da tawa ban tuna da shi ba.

Talata, 8 ga Oktoba

Na yi wa Gwaggo magana. Na durƙusa, na fara da ban haƙuri, amma maganar ba ta da gefen da za a kama ta a hankali. Da na ce guba sai ta ajiye carbi. "Guba? Gidana? Ni da nike share wurin ga da hannuna kullum?"

Ta aika aka kira Uba. Shi ba mai haƙa ba ne, amalanke gare shi da shanu biyu, yana kai wa mutane yashi da bulo. Ya tsaya daga bakin zaure ko kallona bai yi ba, da uwarsa yake magana. Ya ce ƙasar an wanke ta, ruwa ya tafi da komai, kowa ma ɗiba yake. Ya ce in maganar nan ta fita wa zai sake kama ɗaki a gidan, tsohuwa ta ci me? Wa zai sake kiran amalankensa? Na ce, Malam Uba, ruwa zinarin yake fitarwa, dalmar tana nan. Ya ce a ina na yi karatun likita, a gindin tsintsiya?

Ban ji zafin wannan ba. Na Gwaggo ne ya soke ni. Ta ce, "Ɗiyata, na ɗauke ki kamar na haihe ki. In gidan bai yi miki ba, ƙohwa a buɗe take, amma kar ki ɓata muna suna."

Sa'a na tsaye bakin ɗakinta. Yaron na ƙasa kusa da ƙafarta, yana tsotsar yatsu.

Laraba, 9 ga Oktoba

Daga aiki na sake bin gari da goyo. Gidan siminti an kama. Na bayan tasha ya ƙara kuɗi, wai ɗakin yanzu da kwan lantarki. Na tafi har ƙarshen gari na tsaya ina kallon wancan gida mai araha, da dajin da ke bayansa. Na daɗe a tsaye. Wanne zan zaɓa mata, abin da ke zuwa da ƙara ko abin da ke zuwa shiru?

Na dawo gidan Gwaggo. Ba inda za ni.

Na farke buhuna na shimfiɗe ɗakin gaba ɗaya, na ɗora tabarmi. Bangon kuwa, Zinatu na da halin ƙwaƙule bango da farce in ta kwanta. Zannuwana ba su isa rufe shi ba, sai na buɗe akwatin da ban taɓa ba tun Fabrairu, na ɗauko rigunan babanta guda uku na rataya ta gefen da take kwanciya. Ta shinshina ɗaya ta ce Baba ne. Na ce eh, shi ne, yana tare miki bango.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Yaya Namadi ya kira. Yaya gida, yaya aiki, yaya ɗiyar. Na ce lafiya lau. Ya miƙa wa Innarmu, ta tambaya ko ruwan Anka ya karɓi Zinatu, ko ta yi ƙiba. Na ce ta yi.

Na yi wa uwata ƙarya ranar Juma'a. In na faɗi gaskiya gobe-goben nan zai zo ya ɗauke ta, kuma ba ni da bakin hana shi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ina jan ruwa da hantsi Sa'a ta zo da guga ba komai a ciki, ta tsaya. Tun Talata ba wanda ya gaishe ni a gidan nan sai a taƙaice. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Yaya, don Allah mi ya hwaru a garinku?"

Ban taɓa ba kowa labarin ba. Baban Zinatu ma ba mu taɓa zama mun yi shi ba, shi ya kawo dutsen, ni na daka, kowa ya riƙe nasa. Amma yarinyar nan ta tambaye ni da ɗanta a kafaɗa.

Na ce mata shekarata goma sha tara lokacin. Ɗan fari ne. Kin san kunyar ɗan fari: ba na kiran sunansa, ba na wasa da shi a gaban mutane, in ya yi kuka sai in kau da kai har kakarsa ta ɗauke shi. Ana yabona, ana cewa yarinyar nan akwai kunya. Turmin da nake dakan geron fura, a cikinsa nake dakan dutse, in ɗauraye in ci gaba. Yana zaune kusa da ni, ƙurar na sauka a kansa, in ba kowa sai in hure masa gashi. Nan kaɗai nake taɓa shi yadda nake so.

Ya fara tafiya, sai ya daina. Sai amai. Sai jijjiga, ido ya juye. Aka ce iska ce, aka yi turare, aka ɗaura laya. A layinmu kaɗai ban san yara nawa aka fitar ba, har maza suka daina cire kayan zuwa maƙabarta. Shekara biyu ba wata biyu ya yi a duniya. Ko da aka ɗauke shi ban yi kuka a fili ba, kunya. Bayan nan baƙi suka zo da wata na'ura kamar bindigar wasan yara, suna nuna ta a ƙasa, suka ce dalma ce cikin dutsen. Aka kankare garin gida-gida aka zuba a buhuna. Ni kuma shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar ciki yana zubewa, kafin Zinatu.

Ban san Gwaggo na bayan zana tana ji ba. Sai ga ta ta fito, ba ɗankwali ma. Ta dube ni ta ce, "Mi as sunanai?"

Na faɗa mata. Bakina ne ya faɗa kafin in hana shi. Ko yana raye ban taɓa furta shi ba. Wani iri na ji shi a kunnena, kamar sunan baƙo. Hannuna dai bai iya rubuta shi ba.

Gwaggo ta karɓi jikanta daga kafaɗar Sa'a, ta kwance zanenta na sama, ta goya shi da kanta, tsohuwa da ciwon baya. Ta ce, "Litinin ki kai mu."

Litinin, 14 ga Oktoba

An ɗebi jinin ɗan Sa'a. Uba bai sani ba sai da muka dawo. Na ji muryarsa ta tashi a zaure, na ji ta uwarsa ta fi tasa, sai shiru.

Talata, 15 ga Oktoba

Sista Dorcas ta zo gidan da wani Malam Obed, wanda ya yi aikin kankare ƙauyuka a wancan lokaci. Da ya buɗe jaka ya fito da na'urar sai na zauna a bakin rijiya. Ita ce. Har launinta.

Uba na tsaye ya harɗe hannu. Malam Obed mutum ne mai dabara, bai yi gardama da shi ba. Ya ce, "Maigida, zo ka riƙe mini, idona ba ya gani sosai." Suka fita waje ya nuna ta a ƙasar layi, ya ce Uba ya karanta lambar. Ya karanta, 'yar kaɗan. Suka shigo ya nuna ta a gindin randa, inda Zinatu ke tuwonta. Uba ya duba. Ya sake dubawa, lambar ta haura can sama. Ya ce na'urar ta lalace. Suka koma waje, ta koma 'yar kaɗan. Suka shigo ɗakina, aka ɗaga rigar Baban Zinatu aka nuna bango, nan ma ta haura.

Uba ya fito ya tsuguna a tsakar gida, ya ɗebi ƙasar a tafin hannu yana kallo. Can ya ce, ba da kowa yake ba, "Gida ukku na kai ma."

Gida uku. Bayan namu. Duk a unguwar nan, duk waɗanda ruwa ya ci wa tsakar gida. Don ya sauƙaƙa musu ya kai, kuɗin shanu kawai ya karɓa.

Na ɗauka na gama jin abin da zai girgiza ni.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Sakamako ya zo. Na Zinatu ya hau, amma bai kai na shan magani ba. Sista ta riƙe hannuna biyu tana maimaitawa, bai kai ba, kin ji, bai kai ba. Sharaɗi ɗaya: ta bar gidan nan har sai an kankare an gyara, in ba haka ba hawa zai ci gaba da yi.

Na ɗan Sa'a ya wuce. An ba su gado yau ɗin nan, a ɗakin da nake sharewa. Na share ƙarƙashin gadonsu, Sa'a ta ɗaga ƙafa, ba mu iya kallon juna ba. Bai yi jijjiga ba. Likita ya ce an zo da wuri. Da wuri. Da na yi magana tun ranar Alhamis ɗin farko fa?

Juma'a, 18 ga Oktoba

Sista ta ce da ɗakinta ya fi ɗaya da ta riƙe mini ita, amma su biyar ne a ciki. Na san amsar tun jiya, jan ƙafa kawai nake yi.

Na wanke kayan Zinatu kaf, na shanya a igiya ban bari ko ɗaya ya taɓa ƙasa ba. 'Yar tsanar kuwa tsumma ce, ta sha tuwon ƙasa har ta canja launi. Malam Obed ya ce ba ta wankuwa. Na jefa ta cikin buhun da za a zubar tun Zinatu na wurin Gwaggo.

Asabar, 19 ga Oktoba

Gummi. Motar ta cika maƙil, Zinatu a cinyata tana ƙirga shanu, ɗaya, biyu, biyar. Da muka wuce hanyar da ke ratsewa zuwa Bukkuyum na kau da kai.

Na faɗi komai a gaban Innarmu da Yaya Namadi, har ƙaryar ranar Juma'a. Yaya ya miƙe tsaye. "Ban hwaɗa miki ba? Ke da kinka ga abin ga da idonki?" Innarmu ta ce, "Namadi, zamna. Wanda wuta ta ƙona ba a nuna mai toka." Ya zauna. Ta jawo Zinatu ta duba tafin hannunta, ta duba dasashinta, kamar yadda ta yi wa ɗana na fari da aka kawo mata shi a makare. Ita ma ba ta manta ba.

Yaya ya ce yarinya ba za ta koma Anka ba sai ya zo da ƙafarsa ya taka gidan, ya ga takardar gwaji da idonsa. Ya jira in yi musu. Na ce na yarda. Sai ya tashi ya sayo mana kifi.

Matar Yaya ta ce in sulale in tafi tana wasa, kada ta gani. Haka ake yi. Na ce a'a. Na durƙusa na ce mata, zan je in gyara mana gida, ki zauna wurin Kaka, zan dawo. Na rungume ta a gaban kowa, na kira sunanta sau uku, ban ji kunyar kowa ba. Ta ce, "Inna, kin mance ɗiyata a gida. Ki ba ta tuwo."

Na ce to.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na dafa shinkafa ta mutum biyu. Sai da na zuba a kwano na tuna.

Laraba, 23 ga Oktoba

An fara kankara. Uba da abokansa biyu, da fartanya da shebur, sun ɗaure hanci da ƙyalle. Ana jiƙa ƙasa, a kankare, a ɗura a buhu a ɗinke baki. Malam Obed ya nuna musu ramin da za a kai. Amalanken da ya kawo ta shi ke mayar da ita. Uba bai ba ni haƙuri ba, kuma ban jira ba. Da na dawo aiki dai na tarar ya cika mini randa, ya rufe ta da faifai.

Asabar, 26 ga Oktoba

Gwaggo ta yafa mayafi ta ce in taso mu je gidajen nan uku. Na ce, Gwaggo, ni ko a biki ba na iya buɗe baki. Ta ce, "Ni za su ce tsuhwa ta ruɗe. Ke za su ji."

Gida na farko matar ta fashe da kuka tun ban kai rabi ba, ta kwashe 'ya'yanta daga ƙasa. Na biyu sai da maigidan ya dawo, ya yi tambayoyi masu yawa, ya ce zai ga Malam Obed. Na uku ko zama ba a ba mu ba. Uwargidan ta ce jiya-jiya suka gama daɓe, ba wanda zai fasa musu tsakar gida saboda mafarkin wata baƙuwa mai shara. Ina tsaye ina kallon yara biyu suna birgima a bayanta.

Sau uku na ba da labarin yau. Na farko da ƙyar. Na uku ko muryata ba ta yi rawa ba, sai da muka fito na jingina da bango. Gwaggo ta riƙe ni, ni da ya kamata in riƙe ta.

Talata, 29 ga Oktoba

Zinatu ta ƙi karɓar waya. Innarmu ta ce fushi take, amma tana ci, tana bin awaki.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

An zuba sabuwar ƙasa, ja, daga gonar wani can gabas da gari. Malam Obed ya auna kafin a sauke. Duk tsakuwa ce. Da safe na cire takalmi na taka, ta soke ni a tafin ƙafa, na tsaya a kai na daɗe.

An sallamo ɗan Sa'a ranar Alhamis, zai ci gaba da magani a gida, a kan tabarma. Wata abokiyar aiki ta ce an samu ɗaki kusa da su, in ina so ta yi mini magana. Na ce ta bari tukuna. Ban san dalili ba. Ko na sani.

Jiya Gwaggo ta yi waina ta raba sadaka a unguwa saboda jikanta. Da take miƙa wa mata sai ta ce su sa Khalifa a addu'a, ɗan Lubabatu, rabin ladan nasa ne. A gaban mutane ta faɗi sunan ɗana da nawa. Ban sunkuyar da kai ba, na ce amin da ƙarfi.

Ga shi ma na rubuta. Ban lura ba sai da na wuce.

Na fara ɗinka 'yar tsana da ragowar atamfa, saura hannu ɗaya. Bangon ɗakina har yau tsohuwar ƙasar ce, rigunan na rataye, siminti sai ƙarshen wata. Gida na uku ba su yarda ba, Asabar zan koma. Ban ɗauko Zinatu ba.